Masuntan Samon Da Tsabtar Man Inji

A darasin yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu je wata ƙasa mai tsananin sanyi da a ke kira Alaska, can arewa maso yammacin nahiyar Amurka. Malam zai nuna muku ita a taswira. A dā Rasha ce ke riƙe da ita, ta sayar wa Amurka a 1867. A 1959 ta zama jiha cikin jihohin Amurka. Mutanen bakin tekunta da yawa masunta ne. Za mu ga irin kifin da su ke kamawa, da irin jiragensu, da wani abu ƙanƙane da ya kan tsai da injin jirgi a tsakiyar ruwa.

Kifin Samon

Babban kifin da su ke nema sunansa samon. Halinsa abin mamaki ne. A cikin kogi a ke ƙyanƙyashe shi, a ruwan daɗi, tsakanin tsakuwa. In ya ɗan tasa sai ya bi kogi ya gangara teku, inda ruwa ke da gishiri. Can ya ke girma. Sa'ad da lokacin saka ƙwai ya yi, sai ya komo kogin nan da aka haife shi, ya na gane ruwansa da sansana. Ya saka ƙwai, sa'an nan ya mutu.

Samon na Alaska iri biyar ne. Wanda za mu yi magana a kansa shi ne mai jan nama, wanda su ke kira sokai. Ya kan yi shekara ɗaya ko biyu a tabki, ya yi biyu ko uku a teku. Nauyinsa ya kan kai kilo 2 ko 3.

Akwai wani babban mashigin teku a Alaska da a ke kira Biristol. Koguna da yawa ke zuba a ciki, kamar Naknek da Nushagak da Egegik. Duk duniya babu inda sokai ke taruwa kamar nan. A 2022 kifin da ya komo wurin ya kai wajen miliyan 79.

Jiragen Masunta

Dokar wurin ta ce jirgin su mai jan raga kada ya wuce ƙafa 32 a tsawo. Saboda haka jiragen ƙanana ne, mutum uku ko huɗu ke aiki a ciki. Su kan saki doguwar raga a bayan jirgi, ta tsaya cikin ruwa kamar shinge. Kifi ya zo wucewa, kansa ya shige idon raga, ya kasa fita.

Kafin 1951 an hana su sa inji. Ƙyalle su ke kafawa bisa sanda, iska ta tura jirgi, in babu iska su yi tuƙi da hannu. Daga 1951 aka yarda da inji. Yanzu yawancinsu da man dizal su ke aiki, wanda mu ke kira gas. Inji ya rage musu wahala ƙwarai, amma ya zo da nasa sharaɗi, watau sai an ba shi mai mai tsabta.

Ku lura da abu biyu. Na fari, lokacin su gajere ne. Kifi ya kan zo da yawa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, 'yan makonni kaɗan ke nan. Ma'aikatan gwamnati su kan hau hasumiya a bakin kogi su ƙidaya kifin da ya wuce. Su kan duba ko isasshe na wucewa don iri, kana su buɗe su na 'yan sa'o'i. Wanda injinsa ya mutu a sa'o'in nan ya yi hasarar abincin iyalinsa, kamar manomin da garmarsa ta karye ranar shuka.

Na biyu, ruwan wurin mugu ne. Sau biyu kowace rana teku ta kan cika ta kuma janye, da gudu mai ƙarfi. Ga tuddan yashi a ɓoye, ga sanyin da mutum ba ya daɗewa a cikinsa da rai. Jirgin da ba inji, ruwa ne ke kai shi inda ya ga dama.

Yadda Mai Ke Ɓaci

Babban abokin gāban mai shi ne ruwa. Ta hanya uku ya kan shiga tanki.

Ta fari, raɓa. Kun san yadda ɗigon ruwa ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Haka nan tankin da ba a cika ba. Iska mai laima ta shiga, dare ya yi sanyi, ɗigo ya taru a jikin ƙarfe ya gangara ƙasa. Jiragen Biristol kuwa su kan yi watanni a ajiye bisa tudu duk lokacin sanyi.

Ta biyu, murfi. In robar bakin tanki ta tsufa, ruwan sama da feshin teku su kan sulale ciki.

Ta uku, wurin saye. In duro ko jarkar mai sayarwa da ruwa a ciki, to, ka saya har da shi.

Ruwa ya fi mai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, lita ɗaya ta gas kuwa wajen giram 840. Don haka ruwa ya kan kwanta a gindin tanki, mai ya hau bisansa. A can gindi ya kan sa ƙarfe tsatsa. Har wa yau, a inda ruwa da gas su ka haɗu, waɗansu ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani su kan hayayyafa, su zama baƙin yauƙi.

To, ga inda hatsarin ya ke. Muddin jirgi na tsaye a gaɓa, dattin nan kwance ya ke, inji ya tashi lafiya lau, mai jirgi ya ce ba kome. Sai an fita, igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi, sa'an nan datti ya motsa ya gauraya da mai. Ya toshe matata, wadda makanikai ke kira filta. Inji ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Watau ya kan mutu daidai lokacin da a ka fi bukatarsa.

Abin Da Masu Hankali Ke Yi

Rigakafi ya fi magani. Aikin tsabtace mai a tudu a ke yinsa, tun ba a kwance igiya ba.

1. Su kan ɗebo mai daga gindin tanki su zuba a farar kwalba, su bari ya kwanta. In da ruwa za a gan shi a ƙasa, da layi tsakaninsa da mai.
2. Su kan sa matata mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji. Ta na da ɗan kofi a ƙasa inda ruwa ke taruwa, a riƙa dubawa a na tsiyaye shi.
3. Ba su fita sai da sababbin matatu na ajiya. Waɗansu su kan jera matata biyu, in ɗaya ta toshe a juya famfo zuwa ɗayar.
4. Su kan cika tanki kafin a ajiye jirgi, don kada iska ta sami wuri.
5. In mai ya ɓaci ƙwarai, a zuƙe shi duka da famfo, a wanke tanki.

In kuwa inji ya mutu a ruwa, ba a fara kwance shi. Sai a jefa anga tukuna don jirgi ya tsaya, kowa ya sa rigar ceto, a sanar da jiragen kusa ta rediyo. Sa'an nan a tsiyaye ruwa, a sake matata, a fid da iskar da ta shiga bututun mai, kana a tā da inji.

Ɓataccen mai ba a zuba shi a ruwa. Doka ta hana, ya na kuma kashe ƙwan kifi da 'ya'yansa. A jarka a ke tara shi a kai tudu.

Mu Fa?

Ba mu da samon a ƙasarmu, amma mu na da inji. Akwai jirage masu inji a Yawuri da tafkin Kainji da tafkin Cadi. Akwai injin niƙa da injin ban ruwa a ƙauyukanmu. Halin ruwa da mai ɗaya ne ko'ina. In za mu sayi mai a kwalba ko a jarka, mu ɗaga mu dubi gindi. Mu bar duro ya kwanta kafin mu ɗiba, kada mu juye na ƙarshe a tanki. Mu tace da mazurari mai rariya. Kada mu zuƙi mai da baki, kada kuma mu kusance shi da wuta ko taba. Direban jirgin da ya ɗauki mutane, rayukansu amana ce a hannunsa.

Aikin Aji

A kawo farar kwalba. A zuba man gyaɗa rabi, a ƙara ruwa cokali uku da ɗan ƙasa kaɗan. A bari ya kwanta, kowa ya duba. Sa'an nan a girgiza, a sake dubawa. Abin da ku ka gani shi ke faruwa a tankin jirgi in igiyar ruwa ta tashi.

Tambayoyi

1. Ina a ke ƙyanƙyashe samon, ina kuma ya ke girma?
2. A wace shekara a ka yarda masuntan Biristol su sa inji?
3. Faɗi hanya uku da ruwa ke shiga tanki.
4. Don me inji ya kan tashi lafiya a gaɓa, ya mutu a tsakiyar ruwa?
5. In inji ya mutu a ruwa, mene ne abin yi na fari?