Sana'ar Buga Zane a Jikin Riga: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sayi Inji

Garin Gadaka yana cikin Ƙaramar Hukumar Fika, kudu da Potiskum, a Jihar Yobe wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno a shekarar 1991. Kamar sauran garuruwa masu girmansa, akwai makarantun da ke yin gasar wasanni kowace shekara, da ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa-unguwa, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, ga kuma bukukuwan aure. Dukansu sukan bukaci riguna masu gajeren hannu, watau tishat, ɗauke da suna ko lamba ko tambari. Idan babu mai buga su a gari, tilas a kai aikin Potiskum ko Kano, a biya kuɗin mota, a kuma yi jira. Saboda haka ne samari da 'yan mata da yawa suke sha'awar sayen injin manna zane su kafa shago. Sana'a ce mai kyau, amma wanda ya ci bashi ya sayi inji ba tare da ya san halin yadi da na wuta ba, yana iya rasa jarinsa tun a aikin farko.

Yadda injin yake

Injin nan ba wani abu ba ne illa babban dutsen guga mai faranti biyu. Farantin sama shi ne ke ɗaukar zafi, na ƙasa kuwa shimfiɗa ce mai laushi wadda ake ɗora riga a kanta. Akwai ma'aunin zafi, da agogon ƙirga daƙiƙa, da wani abin murɗawa wanda ke ƙara ko rage nauyin dannawa. Wanda aka fi saye shi ne mai faɗin santimita 38 kowane gefe. Abin da ya bambanta shi da dutsen guga na gida shi ne yana riƙe zafi ɗaya da nauyi ɗaya a ko'ina cikin farantin har lokacin da aka ƙayyade ya cika. Hannun ɗan Adam ba ya iya wannan.

Shi injin ba ya yin zane. Aikinsa kurum ya haɗa zanen da aka riga aka shirya da zaren riga. Hanyoyin shirya zanen kuwa sun bambanta, kuma kowace da irin yadin da take so. A nan ne galibin sababbin shiga suke faɗawa rami.

Hanya ta farko ita ce ta leda mai manne a baya, wadda ake kira binil. Ana yanka ta da wata na'ura da ke haɗe da kwamfuta, a tsince abin da ba a so da tsinke, sa'an nan a ɗora a kan riga a danna da zafin digiri 150 zuwa 160 na ma'aunin Salshiyas, tsawon daƙiƙa 10 zuwa 15. Ita ce ta dace da sunaye da lambobin rigunan ƙwallo, tana kuma kama auduga da yadin roba duka, amma ba ta fitar da hoto.

Ta biyu ita ce tawada mai shiga cikin zare, wadda masu sana'ar ke kira sabilimeshan. A Faransa aka gano wannan dabara a shekarar 1957. Ana buga hoton a kan takarda ta musamman, idan zafi ya kai digiri 190 zuwa 200 sai tawadar ta zama tururi ta ratsa zaren, cikin daƙiƙa 40 zuwa 60. Zanen ba ya ɓarewa, domin ba a saman yadin yake ba, ya zama rini. Sai dai fa zaren roba, watau foliyesta, shi kaɗai ne ke riƙe ta, kuma dole rigar ta zama fara ko mai hasken launi, gama babu farar tawada a wannan hanya. Wanda ya buga ta a kan auduga zai ga hoton ya fito, ya yi murna, ya karɓi kuɗi. Da an yi wanki ɗaya ko biyu sai a ga ya koɗe kamar an yi shekaru ana sa rigar.

Ta uku, wadda ta bazu tun wajen 2020, ana kiranta DTF. Ana buga hoton a kan leda mai shara-shara, a barbaɗa masa garin manne, a gasa, daga baya a danna a kan riga da zafi kwatankwacin na binil. Tana kama kusan kowane yadi, har baƙi. Na'urar buga ta tana da tsada, kuma farar tawadarta takan toshe bakin na'urar idan aka bar ta ba aiki. Don haka abin da ya fi ga mai ƙaramin jari shi ne ya aika zanensa ta waya ga masu na'urar a manyan birane, a bugo masa ledar a aiko ta mota, shi kuwa ya danna a shagonsa.

Masu zane da hannu, waɗanda ke amfani da buroshi da fentin yadi, su ma injin yana da amfani gare su, domin fentin ba ya zama daram sai ya bushe sarai an kuma gasa shi da zafi. Haka nan tsohuwar hanyar nan ta tura tawada ta cikin ragar da aka ɗaure a katako, mai kama da rariya, ba ta mutu ba. Idan riguna sun kai ɗaruruwa kuma launi ɗaya ne ko biyu, har yanzu ita ce ta fi araha.

Sanin yadi

Galibin rigunan da ba a yi wa zane ba daga ƙasashen waje ake shigo da su, 'yan kasuwa kuma su saro daga Kantin Kwari a Kano su bi da su ta Azare zuwa Potiskum. Abin da aka rubuta a wuyan riga ba kullum yake zama gaskiya ba. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: a zaro ɗan zare daga cikin kalmasa a kusanta shi da ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Idan an ga alamun biyu, to gauraye ne, kuma sabilimeshan a kansa zai fito dishi-dishi gwargwadon yawan audugar da ke ciki.

Akwai kuma wata matsala da ba ta bayyana nan take. Rigar roba ja ko shuɗiya, idan zafi ya yi mata yawa, rininta yakan motsa ya haura cikin farin rubutun da aka manna, bayan kwana biyu sai a ga farar lamba ta koma ruwan hoda. Maganin wannan shi ne a rage zafi, a kuma nemi ledar da aka yi musamman domin tare rini.

Kafin a taɓa rigunan mutane, wajibi ne a buga guda ɗaya ta gwaji, a bar ta ta kwana, a wanke ta da sabulu sau uku ko fiye, a ja ta a gani ko zanen zai tsage. Kuɗin riga ɗaya ba kome ba ne idan aka gwada shi da riguna 60 na makaranta da za a dawo da su. A birni mai ha'inci yana iya sauya unguwa. A gari kamar Gadaka kuwa, inda shugaban makaranta da mai shago suke haɗuwa a kasuwa da wurin suna da jana'iza, labarin rigar da ta ɓare yakan riga mai ita isa gida.

Wuta

Wannan shi ne lissafin da ya kamata a fara yi, amma shi ake mantawa. Inji mai faɗin santimita 38 yana cin wutar da ta kai wajen wat 1,400 zuwa 1,800. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba, saboda haka ba zai ɗauke shi ba ko kaɗan. Ana bukatar wanda ƙarfinsa ya wuce na injin da rata mai kyau, musamman idan kwamfuta da na'urar yanka suna kan layi ɗaya. Wutar sola ta gida ma, wadda aka haɗa domin fitilu da cajin waya, ba ta isa ba. Idan kuma wutar gari ta zo da rauni, ma'aunin yana iya daɗewa bai kai inda ake so ba, wanda ya yi gaggawa kuwa zai danna da zafin da bai nuna ba, manne ya ƙi kamawa.

Injin yakan ɗauki minti 10 zuwa 15 kafin ya yi zafi, kuma a wannan lokaci mai yana ƙonewa ba a buga kome ba. Mai dabara yakan gama yanka da tsincewa da jera riguna tukuna, ya tara aikin yini, sa'an nan ya kunna sau ɗaya. Lalle ne kuɗin mai ya shiga cikin farashin kowace riga, tare da kuɗin mota na saro kaya da na 'yan rigunan da za su lalace, domin babu aikin da ake gamawa ba a yi asarar ko ɗaya ba.

Wayar wuta ta zama mai kauri, a kuma jona injin kai tsaye a bango, ba ta siririyar wayar ƙari ba, gama takan yi zafi ta narke. Janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Wanda farantin ya ƙona, ya sa wurin cikin ruwan sanyi mai gudana har minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, idan kuma ƙunar ta yi faɗi a tafi asibiti.

A bakin aiki

Ana fara danna rigar ita kaɗai na daƙiƙa 3 zuwa 5 domin a kori laima, musamman da damina. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, domin ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin leda takan bar ƙulli. Ana gwada nauyin dannawa da 'yan tsirin takarda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa: a rufe injin a ja su, wadda ta zare da sauƙi ta nuna cewa wannan gefen bai danne ba. Binil da takardar sabilimeshan a juye ake shirya su, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Wasu ledoji da zafinsu ake ɓare bayansu, wasu sai sun huce, kuma abin da kamfanin da ya yi ledar ya rubuta shi ne abin bi.

Batun rubutu yana bukatar kula ƙwarai. Da yawa daga cikin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, mai gaggawa kuwa sai ya sa k da d da b ya wuce. To, ƙasa daban, kasa daban, kuma ƙungiyar da ta biya kuɗi domin ta nuna kishin ƙasa ba za ta so a ganta da sunan maciji a ƙirji ba. Haka kuma sunayen Ngamo da Bolanci da Karekare, bai kamata mai shago ya rubuta su da ka ba. Mai aikin ya rubuta da hannunsa, a nuna masa samfuri, ya sa hannu, kafin a yanka.

Idan an ba da riguna, a gaya wa masu su kada su wanke sai bayan awa 24, a juya ciki waje wajen wanki, kada a sa bilic ko a buga a kan dutse, a shanya a inuwa, kuma kada dutsen guga, na gawayi ne ko na lantarki, ya taɓa zanen kai tsaye.

Abin da doka ta ce

Ba duk abin da aka kawo ake bugawa ba. Dokar Tuta da Tambarin Ƙasa ta 1960 ta hana amfani da tambarin Nijeriya wajen kasuwanci ba tare da izni ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare zane da hoton da wani ya ƙirƙira, alamun kamfanoni kuma suna da tasu dokar. Buga tambarin Adidas ko Nike a kan riga domin a sayar jabu ne, ko da kowa yana yi. Wanda ya zo yana so a buga masa alamar soja ko 'yan sanda ko wata hukumar tsaro, kada a karɓa sai da takardar hukumar, kuma mutanen Yobe, da suka sha wahalar rashin tsaro, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalili. Rigunan jam'iyyu halal ne a buga, lokacin zaɓe ma shi ne kakar masu wannan sana'a, amma dokar zaɓe ta hana nuna alamar jam'iyya kusa da rumfar zaɓe a ranar jefa ƙuri'a. Mai shago kuma ya karɓi kuɗin kaya kafin ya fara irin wannan aiki, domin bashin yaƙin neman zaɓe yana da wuyar karɓa bayan an faɗi sakamako.

Makarantu da hukumomi galibi sun fi son su biya ta asusun banki mai sunan shago, wannan kuwa yana bukatar rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda ake iya yi ta intanet. Mai neman koyo yana iya tuntuɓar Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986 take kuma haɗa matasa da masu sana'a domin koyon aiki, ko Hukumar Bunƙasa Ƙananan Sana'o'i, SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003. Wata uku a shagon wani gwani a Potiskum ko Kano sun isa mutum ya san halin yadi, ya kuma ga irin janaretan da ke ɗaukar injin kafin ya fitar da kuɗinsa.