Wa Ya Gaya Musu Cewa Su Fara Ne?

Nazarinmu na wannan fitowa yana cikin Littafin Ƙidaya, sura 13 da 14. Musa ya aiki mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, su leƙo asirin ƙasar Kan'ana. Bayan kwana 40 suka komo Kadesh da rumman, da ɓaure, da nonon inabi guda wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi a sanda. Dukansu sun yarda ƙasar tana da albarka. Amma 10 daga cikinsu suka hana jama'a shiga.

A lura, ba duk maganarsu ce ƙarya ba. Biranen suna da garu, zuriyar Anak kuwa ƙatti ne. Wannan ido ya gani. Inda suka kauce shi ne da suka ce sun ga kansu kamar fara, har suka ƙara da cewa haka mutanen ƙasar ma suka ɗauke su. Wa ya gaya musu? Ɗan leƙen asiri ai ba ya tsayar da abokin gaba ya tambaye shi ra'ayinsa. Abin da ke zuciyarsu ne suka sa a bakin wasu.

Gaskiyar ta fito a Littafin Joshuwa sura 2, bayan kusan shekara 40. Rahab ta Yariko ta shaida wa 'yan leƙen asiri biyu cewa tun da mutanenta suka ji labarin ƙetare Bahar Maliya, gabansu ya faɗi. Ashe waɗanda ake tsoro su ma a tsorace suke. Kafin a ji wannan, duk waɗanda aka ƙidaya daga mai shekara 20 zuwa sama sun mutu a jeji, in ban da Joshuwa da Kalibu.

Wannan ciwo yana nan a cikinmu. Uwa a zumuntar mata takan ƙi shiga ajin yaƙi da jahilci wai za a yi mata dariya, ba ta kuwa taɓa jin an yi wa kowa ba. Matashi ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kai. A ganina tambayar da ta kamace su ita ce: wanne na gani da idona, wanne kuma zuciyata ta ƙara?

Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da ya leƙo ƙasar. Yana da 85 ya roƙi Joshuwa ƙasar tuddai inda Anakawa suke, aka ba shi Hebron, ya kori 'ya'yan Anak uku daga cikinta.