Darasin kwamfuta: idan garkuwar Windows ta ƙi kunnuwa

Kwamfutocin da ke cikin sansani ba su da yawa, amma kowacce tana ɗauke da kayan gidaje da dama. A laftof ɗaya ta ɗalibi ko ta malamin makaranta za a tarar da hoton takardar haihuwar 'ya'yan maƙwabci, da sakamakon WAEC na ƙanen wani, da takardun neman tallafin karatu na DAFI da aka yi makonni ana haɗawa. Iyalai da yawa sun baro takardunsu na asali a Gwoza ko Banki, wasu ma sun ƙone, hoton da aka ɗauka ne kaɗai ya rage. Ga kuma filashi da ke yawo daga hannu zuwa hannu, yau a shagon buga takardu a Mokolo, gobe a kwamfutar aboki. Ta wannan hanya ƙwayar cutar kwamfuta, wato bairos, ta fi shigowa. Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauki tambayar da matasa suka fi kawo mana: me za a yi idan mai gadin da ke cikin Windows ya ƙi tashi?

Mai gadin shi ne Microsoft Defender. Yana zuwa ne cikin Windows 10 da Windows 11, kyauta, ba a sayen sa kuma ba a biyan kuɗin shekara. Alamarsa ƙaramar garkuwa ce a ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo. Idan tana da alamar kore, lafiya lau. Idan ja ce, ku danna ta. Yawancin kwamfutocin da ake saya a Maroua da Faransanci suke, don haka za mu riƙa faɗin sunayen a harsuna biyu kamar yadda suke a allo. Ku shiga "Virus & threat protection", da Faransanci "Protection contre les virus et menaces", sannan "Manage settings" ko "Gérer les paramètres". Maɓallin farko shi ne "Real-time protection" ko "Protection en temps réel". Idan kun taɓa shi ya kunnu, aiki ya ƙare. Darasinmu a kan ranar da ya ƙi ne, ko ya yi fari-fari ba ya dannuwa, ko ya kunnu ya sake mutuwa nan take.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu. Ku sami filashi ko katin waya da babu komai a kai, ku kwafe hotuna da takardu kawai, ban da manhajoji da wasanni da duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da exe. Mafi muhimmanci daga ciki ku tura wa kanku ta imel idan akwai data. Wani abu da zai kwantar muku da hankali: rajistarku ta gudun hijira tana cikin kundin hukuma, ɓacewar hoton kati a kwamfuta ba ya soke ta. Takardun makaranta da hotunan iyali su ne ba su da wata ma'ajiya sai wadda kuka yi musu.

Defender ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, galibi wani abu ne ya kashe shi. Wanda ya fi yawan yin hakan kuwa wata manhajar rigakafi ce. Windows ba ya barin masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, don haka da zarar an sa Avast ko McAfee ko Norton ko makamancinsu, Defender yana ja da baya da kansa. Wannan ba matsala ba ce idan baƙon yana aiki. Matsalar tana zuwa ne da kwamfutar gwanjo, wadda aka sa mata rigakafin gwaji na wata guda, wa'adinsa ya ƙare tun shekaru, ko mai ita na farko ya goge shi rabi da rabi. Sai ya zama baƙon ba ya gadi, kuma ya tare wa mai gida wuri. Don ganin wanda ke riƙe da ƙofar, a shafin garkuwar nan ku nemi "Manage providers" ko "Gérer les fournisseurs". Idan kun ga wani suna daban, ku je jerin manhajoji a Settings, wato Paramètres, ku cire shi, sannan ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa. Goge alamarsa daga fuskar allo ba cirewa ba ce, yana nan daram a ciki. Wasu suna da taurin kai, shi ya sa kamfanoninsu suka yi musu manhajar sharewa ta musamman: ta McAfee ana kiran ta MCPR, Avast da Norton ma kowa da tasa. Daga shafin kamfanin kaɗai za a sauke ta.

Ku dubi kwanan wata da agogo kuma. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir a ciki kamar kwabo, sau da yawa mai lamba CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Idan ya mutu, sai ta farka tana ganin shekarun baya ne, sabuntawa ta ƙi sauka. Ku gyara kwanan watan da hannu, ku sake gwadawa.

Akwai saƙon da ke firgita mutane: "This setting is managed by your administrator", ko "Ce paramètre est géré par votre administrateur". Ma'anarsa wani ya kafa dokar da ta hana ku taɓa maɓallin. Idan kwamfutar ta makaranta ce ko ta wata ƙungiyar agaji, ku tsaya nan, ku sanar da wanda aka damƙa wa kula da ita, domin mai yiwuwa da gangan aka yi. Idan taku ce ta kanku, to ko dai daga wani ofishi ta fito kafin ta shiga kasuwa, ko kuma an sa mata manhajar sata. Masu sa Windows ko Office na bogi sukan kashe Defender tukuna, saboda idan yana farke zai kama kayan aikinsu, kuma da yawansu ba sa waiwayar sa bayan sun gama. A nan ba mu da sassauci: duk manhajar da sai an kwantar da mai gadi kafin ta shiga gida, ba ta cancanci zama kusa da takardunku ba. Wanda ya ɗan ƙware zai iya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta gpedit.msc, ya bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, har zuwa Microsoft Defender Antivirus, ya mayar da dokar "Turn off Microsoft Defender Antivirus" zuwa "Not configured". Windows Home ba shi da wannan ƙofar, sai ta regedit, kuma ba mu shawarci ɗan koyo ya shiga can shi kaɗai ba, don kuskure ɗaya yana iya hana kwamfutar tashi.

Idan duk wannan bai yi ba, ku ɗauka cutar ta riga ta shiga, ita ce ta ɗaure mai gadin. Microsoft yana da wata manhajar bincike kyauta mai suna Safety Scanner, wadda ba a girka ta, ana buɗe ta ne kai tsaye daga filashi. Nauyinta ya wuce megabait 100, kuma kwana 10 kawai take aiki daga ranar da aka sauke ta, don haka gara mutum biyar su haɗa kuɗin data, a sauke sau ɗaya a kwamfuta mai lafiya, a zaga da ita cikin makon. Cikakken bincike yana iya cin awoyi. Ku fara shi da safe lokacin da sola ke da ƙarfi, kada batir ya ƙare a tsakiya. Bayan ta gama, ku buɗe Command Prompt, wato Invite de commandes, da izinin mai kula, ku rubuta sfc /scannow. Wannan yana duba fayilolin Windows da suka lalace ya gyara su, ba ya taɓa takardunku. Idan Defender ya dawo, ku kunna "Tamper Protection" ko "Protection contre les falsifications" a wannan shafi na maɓallai, domin shi ke hana manhajoji kashe shi a ɓoye.

Wata cuta da muka fi gani a filashi ita ce mai mayar da fayiloli 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe. Kada ku danna su, dannawar ce ke yaɗa ta. Kuma kada ku yi gaggawar yi wa filashin fomat, domin takardun suna nan, ɓoye su aka yi, kuma ana iya fito da su bayan an kashe cutar.

Masu Windows 7 hukuncinsu daban ne. Defender ɗin cikinsa ba cikakken rigakafi ba ne tun asali, kuma Microsoft ya daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Irin wannan kwamfutar a bar ta ga koyon rubutu da karatu, a nisanta ta da intanet. Windows 10 ma an daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, ko da yake Defender ɗinsa yana ci gaba da karɓar sabbin bayanan cututtuka. Don sanin wanne ne naku, ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta winver.

Idan dai sai an kai wa mai gyara, ku tafi da kwafin takardunku a aljihu, ku faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa kada ya yi fomat sai kun yarda. Ku tambaye shi wane Windows zai sa, kuma kada ku bar hoton katinku ko na iyalinku a kwamfutarsa. Kafin ku biya, ya buɗe muku shafin garkuwar a gabanku, ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa, ku ga alamar tana nan kore.