Shanya tumatir da mangwaro ba tare da ƙasa ba

Kai mai garka, ke uwargida, kun san abin da ke faruwa idan tumatir ya nuna. Daga watan Janairu zuwa Maris kowa na kai nashi kasuwa rana guda. Kuɗinshi sai su faɗi. Wanda bai saida ba, kwana 3 ko 4 ya ruɓe. In damina ta zo kuma, tumatir ɗin nan da aka zubar shi ne za a nema da tsada.

Don haka ne mutanenmu ke yin kauɗa tun da daɗewa. A ƙasar Adar ana shanya tumatir, a Diffa ana shanya tattasai, ko'ina ana shanya kuɓewa. Dabarar tana da kyau. Abin da ke ɓata ta shi ne wurin shanya. Da yawa bisa ƙasa suke bazawa, ko bisa tsohuwar tabarma a bakin hanya. Iska ya watsa rairayi, ƙudaje su sauka, kaji da awaki su bi ta kai. Wa ke son miyar da ke ƙas-ƙas a haƙori? Kuma ƙudan da ya taso daga salanga, zawo yake kawo ma yara.

A Faransa da Amurka masu itacen tuffa, wadda muke ce ma pom, su ma suna da wannan damuwa. Wasunsu na da wata ƴar na'ura a gida mai aiki da lantarki. Ana yanka tuffa siri-siri, a tsoma ta cikin ruwa mai lemun tsami don kada ta yi baƙi, a jera a ciki. Na'urar tana hura iska mai zafin digiri 60 ko kusa da haka, cikin wuni guda ta bushe. To, me na'urar nan take yi? Zafi take badawa, iska na wucewa, kuma abincin na rufe. Mu nan zafi da iska kyauta muke samunsu. Rufi ne kawai ya rage.

Ku je wurin kafinta ya haɗa muku akwati na katako mai ƙafa 4. A shafa baƙin fenti daga ciki, don baƙi yana jan zafi. A rufe sama da farar leda wadda ake gani ta cikinta, gefe guda ya ɗan fi tsawo. A huda ramu ƙasa da sama, a toshe su da ƙyallen sange. Iska zai shiga ta ƙasa, ya kwashe laima, ya fita ta sama. In babu ramun nan, tumatir dahuwa zai yi, ba bushewa ba. Abin jerawa ya zama sange mai tsabta ko faifai. Kada ku sa kwanon rufi ko ƙarfe mai tsatsa, don tsamin tumatir yana cin ƙarfe. Kowace ƙafa a sa ta cikin gwangwani mai ruwa saboda kiyashi.

In babu kuɗin akwati, ku kafa rumfa daidai ƙugu, ku shimfiɗa tabarma wankakkiya, ku ɗaura sange a bisa. Ya fi ƙasa nesa.

Yanzu sai zaɓe. Nan ne mutane ke cutar kansu. Sai abin da ya kasa saiduwa, ya fara wari, shi ake kaiwa shanya. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe. Ku ɗauki nunanne mai tauri. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke tumatir da wuƙa. Ku yanka da safe, kauri ɗaya, kada ya kai kaurin ƙaramin yatsa. Ku jera gefen yanka yana kallon sama, kada wani ya hau wani. Ana iya barbaɗa gishiri kaɗan. Da maraice ku shigar ɗaki saboda raɓa.

Kada ku yi mamaki in kun ga ya ƙanƙance. Tumatir kusan duk ruwa ne: kilo 10 na ɗanye ba ya bada kilo guda cikakke na kauɗa.

Mangwaro ma haka. A fere shi, a yanka siri-siri. Ku zaɓi wanda ba ya da zare da yawa. Sai dai ku yi shi cikin Afrilu da farkon Mayu. In hadari ya fara tasowa, iska na da laima, bushewa tana wuya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, wajen Bobo da Banfora, busasshen mangwaro suke aikawa har Turai.

Yaya za ku san ya bushe? Bayan kwana 3 zuwa 5, ku ɗauki yanki ɗaya ku matsa. In yana lanƙwasa kamar fata kuma ruwa bai fito ba, ya yi. Ku bari ya huce a inuwa, sannan ku zuba cikin kwalba ko bido busasshe mai marfi. Washegari ku duba. In kun ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, ku maida shi rana, in ba haka ba zai yi hunhuna. Wanda ya riga ya yi hunhuna a zubar, ko dabba kada a ba. Mai kyau kuwa a ajiye shi wuri mai duhu, a rubuta ranar da aka zuba a jikin kwalbar.