Shirun wanda ake ƙara: darasi daga wata shari'a ta Amurka

 Ya ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan karo yana magana ne a kan mutumin da aka gurfanar gaban alƙali aka yi masa tambaya, ya kame bakinsa. Shin shirun nan haƙƙinsa ne, ko kuwa alamar laifi ce?

Za mu soma da misali daga Amurka. A cikin kundin tsarin mulkinsu akwai gyara na biyar, na shekarar 1791, wanda ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaidar da za ta kama shi da laifi. Ranar 10 ga watan Agusta 2022, ofishin babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ya kira Donald Trump domin ya amsa tambayoyi bayan ya yi rantsuwa. Ana zarginsa da ƙara wa kadarorinsa daraja a takarda don bankuna su ba shi bashi da sauƙi. Ita ƴar jam'iyyar Dimokurat ce, shi ɗan Rifabulikan, saboda haka ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ya ƙi amsa tambaya fiye da sau 400, yana kafa hujja da wancan gyara. Abin lura shi ne, a 2016, lokacin yaƙin neman zaɓe, shi da bakinsa ya zargi masu fakewa da wannan haƙƙi, yana cewa marar laifi ba ya bukatarsa.

Dokarsu ta raba al'amarin gida biyu. A shari'ar laifi, wadda ke kai mutum gidan kaso, kotun ƙolinsu ta yanke a 1965 cewa ba a kafa hujja da shirun wanda ake tuhuma. A shari'ar dukiya kuwa, ta yanke a 1976 cewa ana iya ɗaukar shirun a matsayin abin da ke ƙarfafa maganar mai ƙara. Shari'ar Trump ta dukiya ce. A watan Fabrairu 2024 alƙali ya ci shi tarar kusan dala miliyan 355, sa'an nan kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar a watan Agusta 2025, tana ganin ta wuce kima.

Wanda ya karanta fiƙihu ba zai yi mamakin wannan rarrabewa ba, domin malamanmu sun daɗe da raba haƙƙin Allah da haƙƙin bayi. Game da haƙƙin Allah, mun san ƙissar Ma'izu ɗan Maliku, wanda ya zo wa Annabi (S.A.W.) yana iƙirarin zina. Annabi ya kawar da kai daga gare shi sau da dama, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ya buɗe masa ƙofar komawa. Daga nan malamai suka fahimci cewa ba a tonon asirin mutum don a tsayar masa da haddi, ba a sa shi rantsuwa a kansa, kuma in ya yi iƙirari ya janye, ana karɓar janyewarsa. Iƙirarin da aka samu da bugu ko tsoratarwa kuwa, mafi yawan malamai ba su ɗauke shi hujja ba.

Amma in maganar ta dukiyar wani ce, hukunci ya sake. Ƙa'idar da ta zo a hadisi ita ce, kawo shaida yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. To, in ya ƙi rantsewa fa? A mazhabarmu ta Malikiyya ana mayar da rantsuwar ga mai ƙara, ya rantse ya karɓi abinsa. Hanafiyya kuwa suna yanke masa hukunci da wannan ƙin kaɗai. Haka nan ɓarawon da ya yi iƙirari ya janye: haddi ya faɗi daga kansa, amma dole ya biya kayan mutane. Ke nan shiru yana iya kare mutum daga azaba, amma ba ya share masa bashi.

Wannan ya shafe mu a rikicin gona, gado da bashin kasuwa da muke kaiwa gaban sarki ko alƙali. Wanda ya san yana riƙe da haƙƙin ɗan'uwansa, kada ya ɗauka kame baki ya fisshe shi, kuma kada ya kuskura ya yi rantsuwar ƙarya, domin tana cikin manyan zunubai. Wanda yake ƙara kuma ya nemi shaidunsa, kada ya dogara da matsa wa abokin shari'arsa.

Sai abin da ya fi wuya, wato adalci a lokacin gabar siyasa. In ɗan jam'iyyarmu ya yi shiru gaban alƙali mukan ce haƙƙinsa ne, in na waccan jam'iyya ne mu ce da ma mun san ɓarawo ne. Mun ga yadda wanda ya raina wannan haƙƙi a 2016 ya bukace shi a 2022. Allah ya umurce mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta hana mu yi musu adalci, kuma a Suratul Hujurati, aya ta 12, ya gargaɗe mu game da yawan zato. Saboda haka mudun da muka auna wa namu, da shi za mu auna wa abokin hamayya, mu bar hukunci ga shaida da alƙali.

Mu tuna kuma akwai ranar da za a rufe bakuna, hannuwa da ƙafafu su ba da shaida, kamar yadda Suratu Yasin ta bayyana. Allah ya sa mu sauke haƙƙin mutane tun muna duniya, ya shirye mu da shugabanninmu.