Mai Ciwon Daji Da Motsa Jiki

Idan ciwon daji ya kama mutum, abin da dangi suka fi sani shi ne a shimfiɗa masa tabarma, a hana shi ɗaukar ko buta. Tausayi ne, ba shakka. Amma likitoci sun gano yawan kwanciya ƙara masa rauni yake yi.

Mu ɗauki misalin macen da aka yi wa aikin sankarar mama, ko a nan Birnin Kebbi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wajen aikin, likita yakan cire har da kaluluwar hammata. Ita kuwa kaluluwa kamar magudana ce ta wani ruwa mai zagaya jiki. In an cire ta, ruwan yana iya taruwa, hannu ya kumbura suntum. Kafaɗa kuma in ba a motsa ta ba sai ta sandare, har mace ta kasa ɗaura kallabi.

To, a nan ne aikin ma'aikacin gashin ƙashi yake. Zai koya mata ta tsaya gaban bango, ta riƙa hawa da yatsunta sannu sannu, yau nan, gobe gaba kaɗan. Ta dunƙule hannu ta buɗe, ta taje kanta da kanta. Wanda ya ga 'yan Argungu suna ɗaga homa a Matan Fada ya san amfanin kafaɗa, balle ga mace mai daka da tuƙin tuwo.

Iyayenmu, a yi hattara da wanzami. Kada a yarda a yi ƙaho, ko tsaga, ko sakiya a hannun da ya kumbura, domin ƙaramin rauni a wurin yana saurin ruruwa.

Sai kuma gajiyar da maganin ke sawa, wadda barci ba ya kore ta. Abin mamaki, tafiya ce ke rage ta. Masana sun ce minti 30, sau 3 a mako, yana taimakawa ƙwarai. Wanda bai iya ba ya fara da minti 5 a tsakar gida, bayan La'asar in rana ta yi sanyi. Mu 'yan makaranta muna iya riƙe hannun kaka ko gwaggo mu taka tare. Amma in akwai zazzaɓi ko jiri, ko kuwa ciwon ya taɓa ƙashi, sai a dakata a tambayi likita tukuna.