Darasi: Umaru Ganda, Lebura Da Ya Zama Gwanin Shirya Fim

An haifi Umaru Ganda a Yamai, babban birnin Nijar, a shekarar 1935. Shi Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa. Aka kai shi yaƙi can wajen ƙasar Biyetnam ta yanzu.

Da ya dawo gida bai sami aiki ba. Sai ya tafi ci-rani Abijan, ya kama aikin dako a tashar jirgin ruwa. A can ya haɗu da wani Bature Bafaranshe mai ɗaukar fim, sunansa Jean Rouch. Baturen ya sa shi ya fito a fim ɗinsa mai suna Moi, un noir, na shekarar 1958. Fim ɗin labarin 'yan ci-rani ne irinsa.

Umaru ya koma Yamai, ya koyi yadda ake shirya fim. Na farkon da ya yi sunansa Cabascabo. Shi ya tsara shi, shi ne kuma ya fito a matsayin tauraro. Da Zabarmanci aka yi shi. Labarin wani soja ne da ya dawo daga yaƙi da kuɗi. Abokai suka kewaye shi. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Ashe abokan cin mushe ne. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin finafinai na garin Kan, a Faransa.

Fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya yi magana kan auren dole da kishi. Wani alhaji ne ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Abin ya ƙare da kisan kai. A 1972 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Shi ne fim na farko da ya ci wannan kyauta.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. An sa wa wani gidan raya al'adu sunansa a Yamai.

Wahalar da ya sha ita ya mayar abin koyarwa. Mai karatu, kai ma kana da labari. Tun da ka iya rubutu, rubuta shi.

Tambayoyi
1. Wane aiki Umaru ya yi a Abijan?
2. Me ya sa abokan sojan suka guje shi?
3. Rubuta layi 3 kan wani ɗan ci-rani da ka sani.